Tsohon zaure ya zama ɗakin sana'ar hannu na yara da manya: ta ina za a fara?

Malam Mai Zayyana: Assalamu alaikum. A cikin birnin Kano da Zariya da Katsina akwai zauruka da shaguna da yawa a kulle, babu abin da ke ciki sai ƙura da tsofaffin buhuna. A unguwannin nan kuma akwai dattawa masu rini da dukanci da ɗinkin hula da ba su da magada, ga yara suna gararamba bayan la'asar. Idan unguwa ta samu ɗaki ɗaya irin wannan, yaya za a tsara shi ya ɗauki ɗan shekara 7 da ɗan shekara 70 ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba? Ina son bayani na aiki: awo, kaya, lokaci, kuɗi, da inda ake yawan tuntuɓe.

Magini: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da awon ɗakin kafin a yi wa kowa alkawari. Mai aikin hannu a zaune yana buƙatar kusan murabba'in mita 2, da kayansa da wurin miƙe hannu. Ɗaki mai mita 6 a tsawo da 4 a faɗi mutum 12 zai ɗauka, in an cusa 25 sai a yi ta zubar wa juna tawada. Don haka a kafa rumfa a waje tun farko, duk aikin da ke da ƙura ko ruwa ko wari a can za a yi shi. Taga ta kalli arewa ko kudu. Tagar yamma tana zuba rana a ido daidai lokacin da yara ke zuwa, ɗakin kuma ya yi zafi har isha'i. A haɗa faɗin tagogin ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin daɓen, kuma su fuskanci juna don iska ta ratsa. In rufin kwano ne babu silin, watan Afrilu ba mai zama. In na azara ne, a duba gara da indararo kafin damina, don yoyo ɗaya ya isa ya lalata zare da fata na shekara guda.

Hajiya Mai Faifai: Magini, ka manta da ƙafar tsofaffi. Tabarma ta ishi yara da matasa, amma dattijuwa mai ciwon gwiwa in ta zauna a ƙasa sau biyu ta sha wuyar tashi, ba za ta dawo na uku ba, kuma kunya ba za ta bari ta faɗi dalili ba. A tanadi kujeru huɗu masu majingina, tsayin santimita 45, da teburi ɗaya na manya mai 75, na yara kuma 55. Ƙofa ta kai santimita 90 don keken masu lalurar ƙafa ya shiga. Dokin ƙofar zaure yakan yi tudu, a yi masa gangare mai sauƙi: duk tudun santimita 10 a ba shi tsawon 120. Sai banɗaki da buta da wurin salla. Inda babu banɗaki mata ba sa daɗewa.

Ma'aji: Kafin a sayi buhun siminti ɗaya a yi takarda. Abin da ya fi kashe irin wannan wuri shi ne rabon gado. Mai gida ya ba da zaure da baki, an gyara, an sa silin da sola, Allah ya yi masa rasuwa, magada suka zo raba gida, zaure ya faɗa a kason wanda bai san da maganar ba. In kyauta ce ta dindindin a rubuta ta waƙafi, da shaidu, manyan 'ya'yansa su sa hannu yana raye. In aro ne a rubuta shekaru, kada su gaza 3, da sanarwar wata 6 kafin a ce a tashi, mai unguwa ya sa hannu. A yi wata takarda dabam ta lissafin kayan da ake iya ɗauka, keken ɗinki da batir da kabad, a nuna na jama'a ne, kada ranar rabo a ƙirga su cikin dukiyar mamaci.

Injiniya: Wuta kuwa kada a dogara da ta gwamnati, kada kuma a sayi janareto, hayaƙinsa da ƙararsa za su kori dattawan da ake nema. Ga lissafi mai sauƙi. Ƙwan fitila 6 masu wat 10 sun zama 60. Fanka 2 na sola masu wat 25 sun zama 50. Jimilla 110, a awa 5 ya kama 550. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Ya isa da ƙyar. Farantin sola mai wat 200 zai cika shi a wuni in yana da tsabta. Lokacin hunturu a wanke shi duk mako, ƙura tana rage masa ƙarfi sosai. Inda ake ɓata batir shi ne cajin waya da dutsen guga. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000, ya ninka duk ɗakin sau tara. A bar keken ɗinki na ƙafa, guga ta gawayi, soket kuma ya zama cikin kabad mai makulli.

Malama: Ni a ganina a raba su kawai. Yara ranarsu, matasa ranarsu, manya ranarsu. Yaro ɗan shekara 7 ba ya wuce minti 20 zuwa 30 a kan abu ɗaya, dattijo mai ɗinkin hula kuwa yana son shiru na awa biyu. Haɗa su takura ce ga kowa. Ga almakashi da wuƙar dukanci a kusa da ƙananan hannuwa.

Marini: Allah ya gafarta Malama, in aka raba su gaba ɗaya an buɗe makaranta ta uku ne kawai bayan boko da Islamiyya, unguwa ba ta ƙaru da komai ba. Ki dubi yadda rini yake tafiya a Ƙofar Mata ta Kano, marinar da ake danganta kafuwarta da 1498. Yadi ɗaya yana bi ta hannu da yawa: mata su ƙulla zane a cikin gida, marini ya tsoma, a wanke a shanya, a kwance ƙulli, a kai wa mabuga su buga ya yi ƙyalli. Ba sa zama a inuwa ɗaya, amma kowa ya san aikinsa yana jiran na wani. Haka za a yi a nan. A zaɓi aikin da yake da gaɓa-gaɓa, kowane tsara ya riƙe gaɓar da ta dace da hannunsa. Tsofaffin mata su yi ƙulli, samari su tsoma, yara su kwance zare su ɗauraye su shanya. Yaron da ya kwance ƙulli ya ga farin zane ya fito cikin shuɗi, shi da kansa zai koma wurin tsohuwar ya tambaye ta yadda ta ɗaure.

Malama: Na yarda da gaɓa-gaɓa. Amma ka ba ni jadawali, don a nan ne maganar take karyewa. Boko tana cin safiyar Litinin zuwa Juma'a. Islamiyyu da yawa suna cin yammacin Asabar zuwa Laraba, wasu har da safiyar Asabar da Lahadi. Almajiran tsangaya hutunsu Alhamis ne da Juma'a. In ka tace duka, lokacin da kowane yaro yake da sarari shi ne yammacin Alhamis da yammacin Juma'a, daga la'asar zuwa kafin magariba, awa biyu ko ƙasa da haka. Duk wanda ya sa zaman yara a safiyar Asabar zai shiga rigima da malaman Islamiyya, kuma iyaye bayan malaman za su bi.

Hajiya Mai Faifai: To ai shi ke nan, an samu ranar haɗuwa. Alhamis da yamma kowa da kowa, sauran kwanaki a raba kamar yadda Malama take so. Matan aure lokacinsu hantsi ne, daga ƙarfe 10 zuwa 12 da rabi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora abincin rana. Kwana biyu a mako a ba su wurin su kaɗai, makulli a hannun mace, namiji ko mai gyaran fanka ne ya jira. Waɗanda ba sa fita kuma kada a cire su daga lissafi: a aika musu yadi da zare da kaba gida, a rubuta sunan mai aikin da ranar karɓa, yarinyar gidan ta dawo da shi ranar Alhamis. 'Yan mata a sallame su minti 30 kafin kiran magariba, su tafi rukuni-rukuni. Uba ɗaya ya ga 'yarsa ta shigo bayan duhu, gida biyar za su janye 'ya'yansu.

Marini: Bari in koma kan rini, don shi ne ya fi jan mutane kuma shi ne ya fi haɗari. Kada a haƙa rijiyar marina a wurin da yara ke yawo. A yi amfani da duro na roba mai lita 60 mai murfi da ake ɗaurewa, don yaro ƙarami yana iya nutsewa ko a bokiti. Ruwan toka: mudu ɗaya na tokar itace a mudu uku na ruwa, ya kwana, a tsiyaye na sama. A zuba baba, wato ganyen rinin shuɗi, a ciki, a ajiye a wuri mai ɗumi, a riƙa motsawa a hankali sau ɗaya a rana. Da zafi yakan nuna cikin mako guda, da sanyin hunturu ya fi haka, sai an lulluɓe duron da buhu. Alamar nuna: kumfa mai shuɗi da ƙyalli a sama, ruwan ƙasa kuma kore-kore. Yadi yana fitowa kore, iska ce take mayar da shi shuɗi. A tsoma minti 3 zuwa 5, a ɗaga ya sha iska minti 10 ko 15, a maimaita sau shida ko fiye in ana son duhu. Kurakurai uku ne: a kaɗa ruwan da ƙarfi iska ta shiga ta kashe shi, a tsoma yadin da ba a wanke sitacinsa ba ya fito dabbare-dabbare, ko a sayo yadin roba wanda baba ba ya kama shi sam. A ƙona zare ɗaya a gwada: auduga tana zama toka, roba tana narkewa ta dunƙule.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba Marini, na gode da ka tsaya a baba da toka. Rinin zamani mai soda da sinadarin da ake haɗa ta da shi kada ya shiga ranar yara ko kaɗan. Soda narkakkiya kamar ruwa take a ido, kuma in aka zuba ta a gorar ruwan sha ko ta lemo yaro yakan kurɓa. Tana ƙona maƙogwaro, ya warke ya tsuke, yaro ya kasa haɗiyar ko kunu, sai an yi ta tiyata. In manya za su yi amfani da ita: safar hannu ta roba, tabarau, a waje, a zuba soda cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan soda don tana tafasa ta fantsamo. In ta taɓa fata ko ido a yi ta kwarara ruwa minti 20. In an sha, kada a sa amai, kada a ɗura manja, a tafi asibiti kai tsaye. Sai fenti. Kada a karɓi ragowar tsohon fentin mai a ba yara, wasu suna da dalma. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa ya sa a ji tsoronta, duk da can daga dutsen zinariya ta fito. Kabad ɗin wuƙaƙe da sinadarai ya kasance sama da mita ɗaya da rabi, a ƙirga wuƙa da almakashi kafin zama da bayan zama.

Malam Mai Zayyana: Launin yara ba sai an saya ba. Tawada: a jiƙa ƙaro kashi ɗaya a ruwa kashi biyu ya kwana, a tace, a daka gawayi ya yi laushi a tankaɗe da ƙyalle, a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan ana damawa. In ta bushe tana gogewa a yatsa ƙaro ya yi kaɗan, in tana ƙyalli tana tsagewa ya yi yawa. Jar ƙasa da farar ƙasa haka ake haɗa su. Gangamau yana ba da rawaya, zoɓo yana ba da ja amma rana tana cinye shi da wuri. A dama na kwana uku kawai, ƙaro yana tsami. Alƙalami na gamba, babba ne zai fere. A nan almajiri yake zama malami, don ya riga ɗan boko sanin riƙon alƙalami da jan layi a allo. A ba shi wannan matsayi a fili, a kira shi da sunansa, kada ya zama mai shara da ɗebo ruwa kawai. Kuma sai da izinin malaminsa. Maganar zanen mai rai kuwa, a kauce mata tun ranar farko: dagi, zayyana, zanen bango, ganye da fure sun ishi shekara ana koyo, babu uban da zai zo da ƙorafi.

Ɗan Damagaram: Bangon wurin ma aiki ne. Wanda ya ga gidajen unguwar Birni a Zinder ko tsofaffin gidajen Zariya ya san yadda fuskar gida take magana. A bar bangon gaba na zauren ya zama aikin farko na haɗin gwiwa. Magini ya yi yaɓe, tun yana ɗanye dattijo ya fitar da zanen da tsinke, samari su tayar da tudun zanen da hannu, yara su cika launi a ƙasa inda hannunsu ya kai. A yi shi bayan damina, Oktoba ko Nuwamba, a yayyafa ruwa safe da yamma na kwana uku kada iskar hunturu ta tsage shi. Kada a shafa siminti a kan bangon ƙasa, ba sa riƙe juna, danshi yana taruwa a bayansa ya ɓamɓaro da rabin bangon. Makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ita ce abokiyar bangon ƙasa.

Maginiya: Na ji ba wanda ya ambaci yumɓu, alhali shi ne abin da ɗan shekara 5 da kakarsa za su taɓa tare ba wuƙa ba guba. A gwada shi tukuna: a murza kamar yatsa a naɗe, in ya karye yashi ya yi yawa, in yana manne wa hannu yana sulɓi sai an ƙara masa dakakken tsingaro, kashi ɗaya cikin huɗu. A jiƙa kwana biyu, a tsince tsakuwa, a tattake sosai. Kaurin jikin tukunya kada ya wuce santimita ɗaya. A busar a inuwa mako ɗaya zuwa biyu, da hunturu a rufa leda kwanakin farko, in ba haka ba baki ya bushe gindi yana ɗanye ta tsage. Abin da ke fashewa a wuta danshi ne da ya rage a ciki, shi ya sa ake ɗumama su a gefen wuta kafin a rufa musu kara. A gaya wa yara tun farko wasu za su fashe, kowa ya gina biyu. Ba a buƙatar injin juyi. Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane da hotonta ke bayan naira 20, da hannu ta koyi gini a wurin danginta, kuma ko da ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su. Ƙurar yumɓu kuma ba a share ta a bushe, tana cutar da huhu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Baduku: Akwai abin da ake kauce wa. Wa zai biya dattijon? Baduku ko marini da ya bar rumfarsa awa uku ya yi asarar cinikin awa uku. Ladan Allah yana nan, amma cefane ma yana nan. In ba a biya shi zai zo mako uku don kunya, na huɗu ya aiko cewa ba ya jin daɗi. Na biyu, sana'ar gado tana da kishi. Wani ba zai buɗe sirrin haɗin rinin fata irin su kuloko ko karan dafi ga ɗan da ba na gidansu ba. Kada a matsa masa. A tambaye shi iya abin da ya yarda ya koyar, a tsaya nan. Sauran yakan fito da kansa in ya ga yaron da ya nace.

Ma'aji: Gaskiya ne, Baba. Ga tsarin da nake ganin yana tsayawa. Yara kyauta. Manya su riƙa zuba ɗan abin da bai fi kuɗin sabulu ba duk mako, don abin da ba a biya ba a ɗaukarsa da muhimmanci. In an sayar da kaya, a fara cire kuɗin yadi da zare da fata. Ragowar a kasa goma: biyar ga waɗanda suka yi aikin, uku ga mai koyarwa, biyu a asusu don batir da yoyo. Kason yaro a ba shi a gaban iyayensa. Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam, a karanta lissafi a bainar jama'a Alhamis ta ƙarshen wata. Rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi tana buƙatar amintattu da kundin tsari da sanarwa a jarida, ba abin gaggawa ba ne, a fara da ofishin raya al'umma na ƙaramar hukuma. Kuma lokacin siyasa kada a karɓi fentin jam'iyya ko a liƙa fosta, rabin unguwa za su ƙaurace.

Malama: Ƙa'ida ɗaya da ba na son a sassauta: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ƙofa a buɗe, manya biyu a kowane zama, ɗaya mace in akwai 'yan mata. Babba ɗaya ga yara 6 in ana aiki da allura. Kowane yaro da sunan mai kula da shi a littafi. Hoton yara ba ya hawa Facebook ko TikTok sai da yardar iyaye, a ɗauki hannuwa da kayan da aka yi. Duka babu, ko daga mai koyarwa. Amma har yanzu ina da ja a kan ranar Alhamis: mutum 12 ɗakin ke ɗauka, yaran unguwa kuma za su zo 60.

Magini: Rumfa mai mita 8 da 5 za ta ƙara 20. Sauran a yi musu rukuni, kowane rukuni mako 8, a rubuta sunayen masu jira a manna a ƙofa kowa ya ga layinsa. Wanda ya yi fashi sau uku babu uzuri a ba na gaba. Waɗanda suka gama su dawo mataimaka, biyu a kowane rukuni.

Hajiya Mai Faifai: A fara rukunin farko bayan an gama girbi, kaba da kara da ƙwarya suna da araha a lokacin. Watan azumi a rufe zaman yamma, a bar na hantsi kawai, don a lokacin ne masu ɗinkin hula da lalle suke da aikin salla. Malam Mai Zayyana, wanne za a sa a gaba a makonni takwas ɗin farko, bango ko yumɓu?

Malam Mai Zayyana: Bango, Hajiya. Mako biyu na yaɓe da zane, a jiƙa yumɓu a na biyu, ya shiga hannu a na uku, ya bushe a na biyar da na shida, a gasa a na bakwai. Duron baba a haɗa shi a mako na shida don ya nuna kafin rukuni na biyu su shigo. Ma'aji ya fara rubuta takardar zauren.